Sojan Kala

Ko wane yaro da ya tashi a ƙauye ya san kala. In an gama girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai mata da yara su bi gona suna tsintar zangarniyar da ta faɗi, ko su tona ragowar gyaɗar da ta maƙale a ƙasa. Ba wanda ke yi wa mai kala kirari, amma sau da yawa abin da ta tsinto shi ke riƙe gida kwana da kwanaki. To, yaƙi ma yana da kalarsa. In an gama gwabzawa mayaƙa sun yi gaba, akwai waɗansu sojoji da ke bin fagen suna tattara abin da aka zubar, bindiga da takalmi da bargo da taya da gwangwani, su tsara su, su mai da su inda za a sake amfani da su. Su ne mu ke so mu kira sojan kala.

Littattafan tarihi da mu ke karantawa sun cika da sunayen manyan janar-janar, su Montgomery da Rommel, amma da wuya ka sami shafi guda a kan waɗannan mutane. Sabo da haka muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa aikinsu, musamman yadda suka yi shi a bayan sojan Ingila cikin hamadar Masar da Libiya, daga 1940 zuwa 1943.

Asalin aikin

An fara tsara wannan aiki sosai a Yaƙin Duniya na Farko, watau 1914 zuwa 1918. Sa'ad da aka soma yaƙin, kusan kowa yana tsammani 'yan watanni za a yi a gama, don haka ba wanda ya kula da abin da a ke zubarwa. Ba a daɗe ba ido ya raina fata. Cikin 1915 harsashin igwa ya yi wa sojan Ingila ƙaranci a Faransa, har maganar ta girgiza gwamnati a London. Cikin 1916 kuwa, a mako guda kafin a fara faɗan kogin Somme, igwoyin Ingila sun harba harsashi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Ga ƙananan igwoyi, ko wane harsashi yana da ƙwansonsa na tagulla, wanda ke faɗowa gefe in an harba. Ƙwanson nan in an tsince shi an mai da shi ma'aikata, sai a daidaita shi a sake cika shi. In an bar shi cikin laka kuwa, sai an haƙo sabon ƙarfe, an narke, an ƙera wani.

Da shugabanni suka yi wannan lissafi, sai aka ware mutane musamman don kala. A farkon 1917 sojan Ostareliya da ke Faransa suka ba ko wace runduna cikin rundunoninsu biyar kamfaninta na masu tsinta. Amirkawa da suka iso, a 1918 suka buɗe babbar ma'aikatar gyaran tufafi da takalma kusa da birnin Tours. Tsofaffin kakin sojan Ingila da suka wuce gyara a kan aika da su garin Dewsbury, inda a ke yagalgala tsumman ulu a sake saƙa shi. Har kitsen da ya ragu a madafar soja tara shi a ke yi, a fitar da wani ruwa mai suna gilisarin daga cikinsa, wanda a ke haɗa albarushin igwa da shi. A bakin hanyoyi da jikin motoci aka riƙa rubuta tambaya guda ga ko wane soja: me ka tsinto yau?

Abin da ya sa aka matsu a hamada

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, matsuwar ta fi ta da, sabo da dalilai uku.

Na farko, a ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni 1940 Jamusawa suka ritsa sojan Ingila da na Faransa a bakin teku a Dunkirk. An kwashe mutum fiye da 338,000 cikin jiragen ruwa, amma kayan ba su sami shiga ba. An bar igwa fiye da 2,000 da mota fiye da 60,000. Watau an tsira da mayaƙa, amma da yawansu hannu wofi.

Na biyu, cikin watan Yunin nan kuma Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, sai Bahar Rum ta zama da wuyar bi ga jiragen kaya na Ingila. Daga Ingila zuwa Masar ta Bahar Rum wajen mil 3,000 ne. Da aka tare wannan hanya, tilas jirage su gangara ta gaɓar Afirka ta Yamma, su kewaye ƙarshen Afirka ta Kudu, su hau Bahar Maliya har Suwez, tafiyar wajen mil 12,000, mako shida ko fiye, ga jiragen Jamus masu nutso suna fako a hanya. Ku duba, ninki huɗu ke nan.

Na uku, a farkon 1942 Japan ta cinye Malaya, ta karɓi Singafo ran 15 ga Fabrairu. Daga wannan yanki ne mafi yawan robar duniya da babban kashi na kuzarta ke fitowa. Nan take taya ta zama abin lallaɓawa. Mu ma nan abin ya taɓa mu, gama a shekarun nan ne aka tilasta wa dubban talakawa tafiya haƙar kuza a tsaunukan Jos, aka kuma sa mutane neman danƙo cikin dazuzzuka.

In muka haɗa waɗannan, sai mu gane darajar tsintuwa. Ɗauki takalmin soja guda. Kafin sabo ya iso hamada, sai an jeme fata, an ɗinka, an kai tashar jirgi, an ba shi wuri cikin jirgin da a ke bukata don harsashi da abinci, ya kuma tsira daga masu nutso. Amma takalmin da aka tsinta a Libiya, aka sa masa sabon tafi a Masar, ya riga ya gama wannan doguwar tafiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yadda a ke aikin

Yaƙin hamada kaiwa da komowa ne. Yau waɗannan su kori waɗancan mil ɗari uku, gobe a koro su, ko wane gudu kuwa da abin da a ke yasarwa. Tsakanin Disamba 1940 da Fabrairu 1941 kaɗai, sojan Ingila da mataimakansu sun kama Italiyawa wajen 130,000, da tankokin yaƙi wajen 400, da igwa fiye da 800, ban da motoci da abinci da tufafi. Tattara irin wannan ganima ba aikin mutum ɗaya ba ne, don haka aka raba shi. Injiniyoyin soja ke shiga da fari su tone nakiya su buɗe hanya. Makanikai ke jawo tanka da motar da ke da sauran rai. A ran 1 ga Oktoba 1942 ma aka kafa musu runduna tasu ta kansu. Sauran kaya duka, daga bindiga har maɓallin riga, rabon sojan kala ne. Dako da lodi kuwa, babban kashinsu ya faɗa kan leburorin soja, waɗanda cikinsu akwai dubban 'yan Afirka da mutanen Indiya.

Da fari a kan raba fage kashi-kashi, ko wane rukuni da nasa, su bi shi a jere kamar masu gayya. Abin da aka samu sai a tara shi tsibi-tsibi a bakin hanya. Nan ne a ke rarrabewa gida huɗu. Akwai abin da ke da lafiya, kamar bindigar da ƙura kawai ta sha, wannan sai a share a mai da shi sito. Akwai abin da ke son gyara, kamar tanti da ya yage ko takalmi da ya cinye. Akwai abin da ya mutu murus amma ƙarfensa ko robarsa na da amfani. Na huɗu shi ne kayan abokan gaba irin wanda ba a taɓa gani ba. Wannan ba a ɓata lokaci da shi, sai a miƙa wa masana su buɗe cikinsa su ga dabarar da ke ciki. Misalin irin wannan shi ne wata babbar tankar Jamus mai suna Tiger da aka kama da sauran lafiyarta a Tunisiya cikin Afrilu 1943. An kai ta Ingila an bincike ta, har yanzu kuwa tana nan a gidan tarihin tankoki na Bovington.

Wata hikima ita ce ta sufuri. Motocin da ke kai abinci da harsashi bakin daga, in sun sauke, wofi za su komo. Sai aka ce kada mota ta komo wofi. Ta tsaya a tsibi ta ɗauki kala ta kai tashar jirgin ƙasa, jirgi kuma ya kai manyan ma'aikatu da sito-sito na Masar, irin na Tel el Kebir da na Abbasiya a Alƙahira, inda dubban Misirawa ke aiki tare da soja. Abin da Masar ba ta iya sarrafawa sai a zuba shi cikin jiragen ruwa, su ma ga shi wofi za su koma.

Amfanin tsintuwa ya fito fili a Tubruk cikin 1941, sa'ad da Rommel ya kewaye garin watanni. Sojan Ostareliya da ke ciki, waɗanda ba aikinsu ba ne harba igwa, suka tattara igwoyin da Italiyawa suka bari da tulin harsashinsu, suka koya wa kansu, suka juya su kan masu su. Amma wuƙar nan baki biyu gare ta. Jamusawa sun fi gwaninta a farkon yaƙin wajen jawo tankokinsu da suka lalace da dare su gyara su kafin safiya. Da Tubruk ta faɗa hannun Rommel a watan Yuni 1942, ya sami mota wajen 2,000 da mai da abinci, da su kuwa ya bi sojan Ingila har cikin Masar. Abin da ba ka tsinta ba, abokin gabarka zai tsinta ya yaƙe ka da shi.

Garwa da jarka

Cikin dukan abin da aka tsinta a hamada, ba wanda ya kai wani gwangwani suna, kuma duk mun san shi, gama yana gidajenmu.

Sojan Ingila sun shiga yaƙin suna zuba fetur a garwa mai cin galan huɗu, irin garwar kananzir. Ƙarfenta ba kauri, haɗinta da dalma ne. In aka jera ta a lori aka bi hanyar duwatsu, ta sama ta danne ta ƙasa, haɗin ya buɗe, mai ya tsiyaye. Janar Auchinleck, wanda ya shugabanci sojan wannan yanki daga 1941 zuwa 1942, ya kiyasta ana hasarar kashi 30 cikin 100 na man tsakanin sito da mai bukatarsa. Watau in galan 100 ya tashi, 70 ke isa, bayan kuwa an sha wahalar kawo shi ta teku.

Jamusawa su kuwa tun kafin yaƙi suka ƙera tasu. Tana cin lita 20. Falle biyu ne na ƙarfe mai kauri aka narka bakinsu aka haɗa. An danna mata zane a gefe don ƙarin ƙarfi, yadda in mai ya kumbura da zafi ba za ta fashe ba. Murfinta a jikinta ya ke, ana buɗe shi da hannu ba sai an huda ba. Tana da mariƙi uku a jere: mutum ɗaya ya kama na tsakiya, mutum biyu su kama na gefe, ko a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. An kuma bar wurin iska a samanta, har in ta faɗa ruwa da mai a ciki ba ta nutsewa.

Da sojan Ingila suka gane ta, sai ta zama abin farauta. Duk inda aka ci sansanin Jamus, ita a ke fara nema, a wanke a sake cikawa. Sojan Ingila na yi wa Bajamushe laƙabi da Jeri, gwangwani kuwa a bakinsu kan ne, sai suka ce mata jerikan. Sunan nan ne ya shigo bakinmu ya zama jarka. Daga baya Ingila da Amurka suka kwaikwayi ƙirarta suka buga miliyoyi. Ita ma garwar ba ta tafi a banza ba, gama sojoji kan yanke ta biyu, su cika rabi da rairayi, su jiƙa shi da fetur su kunna, ya zama murhun dafa shayi.

Labarin jarka ya sake nuna darajar kala a Faransa cikin 1944. Bayan saukar Normandi, sojan Amurka suna gudu gaba, in sun juye mai sai su jefar da jarka a gefen hanya, ko su shimfiɗa ta cikin laka su taka, ko su yi kujera da ita. Kafin ƙarshen shekarar aka lissafa jarka wajen miliyan uku da rabi ba a san inda su ke ba. Ga mai a tashar jirgi, amma abin zuba shi ya yi ƙaranci. Har sai da aka roƙi 'yan makarantar Faransa su bi gonaki da ramuka suna tsintowa, aka kuwa samo wajen miliyan guda.

Hatsarin aikin

Kada wani ya zaci da ya ke suna bayan mayaƙa, sojan kala suna cikin inuwa ne. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Kafin faɗan Alamain, wanda aka fara ran 23 ga Oktoba 1942, Jamusawa da Italiyawa sun binne nakiya wajen rabin miliyan a gabansu. Injiniyoyi ba su iya tone duka, hanyoyi kawai su ke buɗewa. Mai kala kuwa aikinsa a gefen hanya ya ke. Ban da wannan, ba ko wane harsashi da aka harba ke fashewa ba. Wani ya kan kwanta cikin rairayi yana jiran mai taɓa shi. Masu gudu kuma su kan ɗana tarko da gangan, su ɗaura bam a ƙarƙashin abin da suka san ido zai so, kamar akwati ko ƙofar mota, wanda ya ɗaga shi ke nan.

Sa'an nan ga abin da ido ke gani. Tankar da ta ƙone sau da yawa da mutanenta a ciki, ga zafin rana, ga ƙuda, ga guguwar rairayi, ruwan sha kuma da awo. Daga Alamain Runduna ta Takwas ta bi Rommel tafiyar wajen mil 1,400, ta shiga Tarabulus ran 23 ga Janairu 1943, duk tsawon hanyan nan kuwa tarkace ne zube hagu da dama, sai an bi an kwashe.

Akwai kuma jarrabawar amana. Mutumin da ke tsintar agogo da bindigar hannu da bargo, ba mai ganinsa cikin hamada, ga kasuwa a Alƙahira mai saye ba tambaya. Hausawa na cewa tsintuwa ba sata ba, amma a dokar soja duk abin da aka tsinta a fage na hukuma ne, wanda ya ɓoye ɓarawo ne. Aikin ba ya tafiya sai da mutanen da za su kawo abin da suka samu su rubuta shi, ko da ba wanda ya ƙirga.

Abin da ya ragu

Yaƙin Afirka ta Arewa ya ƙare a Tunisiya cikin Mayu 1943, amma kala ba ta ƙare ba. Soja sun ɗebi abin da suka iya, sun wuce Italiya. Sauran ya zama na mutanen ƙasa. Bayan Libiya ta sami mulkin kanta a 1951, kafin a sami man fetur a ƙarshen shekarun 1950, tsohon ƙarfen yaƙi yana cikin manyan kayan da ta ke sayarwa waje, mutane da yawa kuwa sun rasa rai ko hannu ko ƙafa wajen nemansa. A Masar har yanzu akwai miliyoyin nakiya da harsasai binne a yankin Alamain, suna halaka makiyaya da dabbobinsu. A Beljiyam da arewacin Faransa ma, shekara fiye da ɗari bayan yaƙin farko, manoma na tono harsashin igwa da garma ko wace shekara, su ajiye a bakin gona, sojan da ke wannan aiki su zo su ɗauka.

Mu da ke shirin riƙe aji, akwai abin da za mu ɗauka a nan. Ba mu san makarantar da za a kai mu ba, amma mun san da wuya mu tarar da kaya isassu. Za mu tarar da benci mai ƙafa uku, da littafi da bangonsa ya fita, da guntayen alli a ƙasa. Malamin da ya zauna jiran sababbi, yaransa za su daɗe a tsaye. Tun a makarantar allo muka ga yadda allo guda kan yi wa yaro shekaru, a wanke a sake rubutawa, har ƙanensa ya gada, ba mu dai san sunan darasin ba ne a lokacin. Sa'an nan in mun zo koyar da tarihi, bai kamata mu tsaya kan sunayen janar-janar kaɗai ba. Mu kawo jarka cikin aji mu ajiye a gaban yara, mu tambaye su inda ta samo sunanta, mu gaya musu wanda ya ƙera ta da wanda ya tsince ta. Ta haka za su koyi kada su raina mai aikin da ba a yi masa kirari, ko a fagen yaƙi ya ke, ko a gona, ko yana tura baro yana sayen tsohon ƙarfe a unguwa.